Ƙwaryar Bara da Zaman Lafiya

 

Da na ce zan yi magana a kan mabiya addinin Buda, wani abokina ya tambaye ni me ya haɗa mutumin Dutsin-Ma da su. Na ce masa ƙwaryar bara.

A Tailan da Lawos da Myanmar, wadda kakanninmu da suka je yaƙin duniya na biyu suka sani da Bama, gari na wayewa za ka ga sufayen Buda sun jeru ba takalmi, kowa rungume da ƙwaryarsa. Ba sa buɗe baki su roƙa. Matan unguwa ne ke durƙusawa bakin hanya su zuba musu shinkafa. Ƙa'idarsu ta hana sufi cin abinci bayan rana ta take, ta hana shi ajiye na gobe, ta hana shi riƙe kuɗi. Wannan sadaka suna kiranta dana, kuma ta kai shekara 2,500 ana yin ta. Masu wa'azinsu suna cewa hannun da ya saba bayarwa yana rage haɗama, haɗama kuwa ita ke haifar da yaƙi, don haka ciyar da sufi hanya ce ta zaman lafiyar duniya.

Aƙidarmu daban, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Amma hikimar tsarin a fili take: malamin da ba shi da rumbu dole ya fito kullum ya haɗa ido da talaka, ya san gidan da tukunya ba ta hau wuta ba. Ƙwaryar kuma tana da ƙarfi. A 2007 sufayen Bama sun kife ƙwaryoyinsu, suka ƙi karɓar sadakar sojojin da ke mulki, abin ya girgiza ƙasar.

Sai dai a duba 2017. A shekarar, Myanmar ce ta farko a jerin ƙasashen da suka fi kyauta a duniya, kuma a shekarar ce Musulmin Rohingya fiye da 700,000 suka tsere Bangaladash daga kisa da ƙone-ƙone. Shinkafa ta shiga ƙwaryar sufi da safe, ba ta hana cinna wa gidan maƙwabci wuta ba. Abin da na fahimta shi ne, sadakar da ta tsaya kan naka kaɗai ba ta sayen zaman lafiya.

Mu dawo gida. Duk wanda ya tashi a nan ya san almajiri da uwar ɗakinsa. Yana ɗebo mata ruwa, ta ajiye masa tuwon dare a kwanonsa, ta san sunansa da garinsu, in ya kwana biyu bai zo ba ta aika tsangaya a duba ko zazzaɓi ne. Ga kuɗin Laraba na malam, ga damin zakka bayan kaka, ga ciyayya tsakanin maƙwabta. Akwai kuma wata ciyayyar da muka fi saurin mantawa: bayan girbi manomi ya bar wa Bafulatani kara da harawa, shanu su kwana a gona su bar taki, Bafulatana ta kawo nono ta koma ruga da gero. Wanda kuka yi shekara ashirin kuna wannan musaya, da wuya ya shigo maka gida da bindiga.

Yau yaro na tsaye bakin tasha da robar bara, a miƙa masa naira hamsin ta tagar mota ba a ko kalli fuskarsa ba. A 2020, lokacin korona, an loda almajirai a manyan motoci an mayar da su jihohinsu kamar kaya. A Disambar shekarar aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. Mutanen Safana da Batsari da Ɗanmusa da Kurfi sun san abin da ke fitowa daga dajin Rugu. Ba na cewa bara ce ta haifi ta'addanci, kuma ba na wanke mai kisa; hukuncinsa aikin hukuma ne. Ina cewa mun daina sanin juna, kuma yaron da ba wanda ya san sunansa, a gari ko a ruga, kowa na iya sayensa.

Addininmu ya riga ya faɗaɗa mana da'irar. Cikin rukunin mutane takwas da Suratut Tauba ta ware wa zakka har da waɗanda ake lallashin zukatansu. Amfanin damina ɗaya cikin goma ake fitarwa, na ban-ruwa ɗaya cikin ashirin, kuma masu noman rani a bakin madatsar Zobe sun san wannan lissafi.

Roƙona ga masu unguwanni da limamai shi ne, a kakar bana a rubuta sunan kowane almajiri da gidan da zai riƙa ci. A rabon zakka kuma a sa marayun da rikicin nan ya bari, na cikin gari da na ruga. Ku ɗalibai, ku kuka iya biro da takarda, ku je ku taya su rubutun.