Jawabi Kan Allon Lura Da Jari

Mai girma shugaban taro, dattawanmu, iyayenmu mata, da 'yan'uwana 'yan kasuwa na Dagona, Gashuwa da Nguru, barkanmu da haɗuwa.

An nemi in yi magana a kan abin da manyan kamfanoni ke kira dashbod. Duk wanda ya taɓa zama kusa da direba ya san shi, wato allon nan mai allurai: wannan ta mai, wannan ta zafin inji, waccan ta gudu. Direba ba sai ya tsaya ya buɗe bonet ba, kallo ɗaya ya ishe shi. To, haka kamfanoni ke yi wa dukiyarsu. Sai su tattara lissafin ciniki da bashi da kashe-kashe, su fito da shi a shafi guda na kwamfuta, ta manhaja irin su Excel ko Power BI. Mu a nan, shafi guda na littafi ko na waya ya wadatar. Maganar ita ce, waɗanne allurai za mu sa?

Ni a ganina, babbar allura ita ce ta jari, kuma kada a auna shi da naira kawai. Ba sai mun je nesa ba. Bayan cire tallafin a Mayun 2023 kaya suka yi ta hawa, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. A ce mutum ya fara da jarin buhu 100 na shanshera. Ya sayar, kuɗinsa ya ƙaru, yana ta murna. Ya koma saro, sai buhu 80 kuɗin ya ɗauka. Jama'a, wannan riba ya ci? Buhu 20 ne suka tafi bai sani ba. Saboda haka a saman allon a rubuta: kuɗina na yau buhu nawa zai saya, ko kwali nawa na banda? Idan wannan lamba tana sauka, komai kaurin aljihu, jari ne ke narkewa.

Sai bashin da ke waje. Masu tura banda Kudu sun fi kowa sanin wannan. Jimla kaɗai ba ta isa ba, a raba shi bisa daɗewarsa: na mako biyu, na wata guda, da wanda ya wuce wata uku. Na ƙarshen nan a rubuta shi da jan biro, kuma kada a ƙirga shi cikin jari har sai ya shigo hannu.

Kuɗin mota, lodi, dako, la'ada, cajin mai POS, da kifin da ya karye ko ƙwaro ya ci, duk a haɗa su, a raba da yawan kwali. Ta haka za a san ainihin nawa kwali ɗaya ya tsaya.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Kasuwarmu ruwa take bi. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, cikar fadama ta canza, ga kuma kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Don haka in ka gwada cinikin watan Afrilu da na Disamba, banza za ka tayar da hankalinka. Afrilun bana da Afrilun bara ake gwadawa, a jera su kusa da juna, a kuma rubuta yadda ruwa ya kasance a kowace shekara.

Daga ina lambobin za su fito? Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura yawancinmu ga taransifa, ke nan rabin lissafin yana cikin waya. Sai dai a ware asusun kasuwa daban da na cefane, in ba haka ba allurar ƙarya za ta yi. Wanda rubutu ke yi wa wuya ya sa ɗansa ɗan makaranta ya riƙa cikewa, sau ɗaya a mako, da yammacin ranar kasuwa kafin a manta.