Ƙanjamau Da Amanar Waliyyai: Jawabi Ga 'Yan'uwa A Maigatari

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, a shekarar 1986 aka ba da sanarwar bayyanar ƙanjamau a Nijeriya. Gwajin da ake yi wa mata masu juna biyu ya nuna kashi 1.8 cikin ɗari a 1991, ya haura zuwa 5.8 a 2001. Binciken ƙasa na 2018 kuwa ya sami kashi 1.4 cikin manya, Jihar Jigawa tana cikin mafi ƙaranci, da kashi 0.3. Wannan ni'ima ce, amma kada ta sa mu sakaci. Garinmu bakin iyaka ne. Kowace Alhamis fatake da dillalai da direbobi suna cika kasuwar dabbobi, daga Damagaram har kudancin ƙasar nan, kuma cuta ba ta san shingen kwastan ba.

Haƙiƙa zina ce babbar ƙofa, kuma Allah Ya haramta ko da kusantarta. Ciwon sanyi da tunjere ma suna buɗe wa ƙanjamau hanya, haɗiyar kafso a kemis ba tare da gwaji ba kuwa tana ƙara wa ƙwayar cutar taurin kai. Sai dai ku sani, ba kowane mai ɗauke da ita ne mazinaci ba. Akwai matar kirki da mijinta ya kawo mata, ta iso ga kishiyarta. Akwai jaririn da ya sha a nono, da wanda aska ko allura ta shafa wa. Jifansu da zargi zalunci ne.

Saboda haka ina kira ga waliyyai da limamai: kada a ɗaura aure, na budurwa ko na bazawara, sai ango da amarya sun yi gwaji. Jihar Kano ta mayar da wannan doka a 2024, Shari'a kuwa tuni ta hana cutarwa. Wanda aka same shi da ita ya riƙe maganinsa, domin yana danne ƙwayar har ta daina yaɗuwa, da izinin Allah.

'Ya'yanmu mata amana ne, kuma za a tambaye mu. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.