BANGON WA, BAKIN WA?

Jawabin da ɗaya daga cikin marubutanmu ya gabatar a Tajaye, gaban dattawa, malamai da samarin gari, a kan rubutun da ake yi bisa katangun mutane.

 

Zancen da ya tara mu yau, wani zai ce ƙarami ne: gawayi, alli, gwangwanin fenti da bangon wani bawan Allah. Amma duk wanda ya bi hanya daga Ƙonni zuwa Malbaza, ko ya ratsa Illela, ya san katangunmu sun daɗe suna magana. A nan tallar mai magani, can gargaɗin mai gida cewa ba a fitsari, gaba kaɗan sauran fentin yaƙin zaɓe da rana ta koɗe. Ita kanta hukuma tana rubutu, domin masu rigakafin shan inna da alli suke sa alama a ƙofar gidan da suka shiga. To, idan yaro ya zo da dare ya rubuta ra'ayinsa a bangon maƙwabci, haƙƙin wa ya fi ƙarfi? Mutum uku ke cikin wannan shari'a: mai bango, mai rubutu, da hukuma. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da mai bango. Katanga a ƙasarmu gumi ce. Mai gida ya kwaɓa ƙasa, ya buga tubali, ya biya magini, kuma kafin damina sai ya sake yaɓe. Wanda ya yi ta siminti, sau da yawa kuɗin albasa ne ko na shekarun da ɗansa ya yi yana bida a Abijan ko Legas. A nan jihar Tawa, masallacin Yama da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, shaidar cewa mun san darajar bango tun kafin a ba mu labari. Doka ma ta san ta. Ayar doka ta 544 a kundin Faransa na 1804, wanda muka gada, ta ba mai dukiya ikon morar abinsa yadda ya so, muddin bai saɓa wa doka ba. Malamanmu kuwa sun koya mana cewa a Musulunci ba a cuta, ba a kuma rama cuta da cuta.

Akwai wani abu da masu kare rubutun bango daga nesa suke mantawa. Yawancin rubutun siyasa da Faransanci ake yin shi, alhali masu gidaje da dama ba su yi lakwal ba. Tsohuwa ta tashi da asuba ta tarar da baƙaƙe a garkarta, ba ta san me suke cewa ba, amma idan jandarma ya zo, ƙofarta zai buga. An sa mata magana a baki ba da saninta ba, an kuma bar mata alhakin. Wanda ya yi wannan bai yi amfani da ƴancinsa ba, ya ci nata ne. Don haka ina faɗa wa samari ba tare da kwana-kwana ba: ƴancin faɗin albarkacin baki bai haɗa da ƴancin aron bangon wani ba da izininsa.

Amma idan muka tsaya nan, mun yi rabin adalci. Ya kamata mu tambayi kanmu: me ke kai yaro ga bango? Tarihinmu ya isa amsa. Daga 1959 da aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari har zuwa 1990, baki ɗaya ke magana a Nijar, na gwamnati. Wanda ke da wani ra'ayi sai ya rubuta shi a takarda marar sa hannu, a watsa da dare. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, ɗalibai suka fito zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai, aka harbe uku daga cikinsu. A wannan shekara jaridar Haske ta fito, sannan Taron Ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Sai aka sami jaridu, rediyoyi masu zaman kansu da jam'iyyu, wato ƙofofin da magana ke fita da rana tsaka. Da jini aka buɗe su.

Yau ina muke? Tun 26 ga Yuli 2023 aka dakatar da tsarin mulkin 2010, wanda ayarsa ta 28 ta kare dukiya, ta 30 kuma ta kare ƴancin ra'ayi. A Afrilu 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. A Yuni 2024 aka maido da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi ta hanyar intanet, bayan an cire shi a 2022. A Maris 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa. Kowa na da ra'ayinsa a kan waɗannan matakai, kuma ban zo raba ku ba. Abin da nake nunawa shi ne, ruwan da aka datse wa hanya ba ya komawa sama, wata hanya yake nema. Duk da haka, Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ta 1981, wadda ayarta ta 9 ta ba kowa damar bayyana ra'ayi, ta 14 kuma ta tabbatar da haƙƙin mallaka. Duka biyun alkawari ne a wuyan kowace gwamnati.

Yanzu mu zo ga na uku, hukuma. Wasu ƙasashe sun riga mu shiga wannan rigima, kuma akwai abin ɗauka a wurinsu. A Faransa, dokar 29 ga Yuli 1881 ce ta ba ƴan jarida ƴanci, kuma sunan ita wannan doka ake rubutawa a katangu don hana manna takarda. Har yanzu wanda ya yi rubutu a bangon wani ba izini, idan ɓarnar ƙarama ce, tarar Yuro 3750 da aikin gayya na hukuma ke jiransa. Abin da ake hukuntawa ɓarnar ce, ko me aka rubuta.

A Amurka, kotun ƙoli ta yanke hukunci biyu da suka fayyace iyaka. A 1984 ta ce birnin Los Anjelis na da ikon hana kowa manna takarda a kan kayan gwamnati, tun da hanin ya shafi kowa daidai. A 1994 kuma ta duba ƙarar wata mata, Margaret Gilleo, wadda hukumar garin Ladue ta hana ta sa ƴar takarda a tagar gidanta tana neman zaman lafiya a yankin Gulf. Alƙalan tara suka haɗu a kan cewa hukumar ba ta da wannan iko, domin gidan nata ne, bakin ma nata. Darasin a fili yake: hukuma na iya tsara wuri, amma ba ta da hurumin zaɓar ra'ayin da za a bari.

Akwai kuma darasin da ya zo da hawaye. A farkon 2011, a garin Dar'a na Siriya, wasu yara suka rubuta kalaman adawa a bangon makaranta. Maimakon a ba su bokitin farar ƙasa su goge, sai aka kama su, aka azabtar da su. Iyaye suka fito, aka buɗe musu wuta, yaƙi ya ɓarke, bai lafa ba sai da mulkin Bashar Assad ya faɗi a Disamba 2024. Rubutun da guga ɗaya na ruwa zai wanke, hukuma ta mai da shi gobarar shekara 13. A Dakar kuwa, wajen 1990, samarin unguwanni suka tashi da yunƙurin Set-Setal: suka share tituna, suka ƙawata katangu da zane-zanen malamai da jarumawa, har unguwa ta riƙa alfahari da bangonta. Samari iri ɗaya ne, fenti iri ɗaya. Hannun da ya tarbe su ne ya bambanta.

Saboda haka, ga shawarwari biyar da nake miƙa wa hukumar Tajaye da sarakunanmu.

Na farko, bangon mutum sai da yardarsa. Mai talla, ɗan siyasa, ɗan ƙungiya, duk doka ɗaya.

Na biyu, wanda ya rubuta ra'ayinsa a bangon kansa, a ƙyale shi, sai fa in zagin wani ne da suna, ko ƙage, ko tunzura jama'a su far wa wata ƙabila ko wani addini. Wannan ma alƙali ke da ikon yanke shi.

Na uku, a ware bango ko allo a kasuwa da tasha inda kowa zai iya rubutu, da Hausa, da Tamajak, da ajami, da tifinar, da Faransanci. Hukumar da ta hana ba ta ba da madadi ba, yaudarar kanta take yi.

Na huɗu, hukunci ya zo daidai da laifi. Wanda ya ɓata, ya gyara da hannunsa, ya ba mai gida haƙuri gaban mai unguwa. A fara da sulhu a fada kafin a kai jandarmari, kuma kada a taɓa kama mai gida a kan rubutun da ba shi ya yi ba.

Na biyar, ƙa'idar ta zama rubutacciya, a karanta ta a rediyo da ranar kasuwa, a kuma yi ta ba sani ba sabo. Idan aka goge rubutun suka, aka bar na yabo a bango guda, to ba tsafta ake nema ba, baki ake rufewa, kuma yaro ƙarami ma zai gane.

Iyayena, an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da nake tsoro ita ce wadda ke tsakanin dattijo da saurayi, da tsakanin talaka da mai mulki. Ku samari, ra'ayin da kuka yarda da shi ya cancanci ku sa masa sunanku, ku faɗe shi ba tare da kun jawo wa wata tsohuwa fitina ba. Ku masu iko, mulki rance ne. Waɗanda suka riƙe shi a 1974, da 1993, da 1996, da 2010 duk sun sauka, kuma da yawansu sun wayi gari suna bukatar ƴancin da yake hannunsu jiya. Ƙa'idar da za ku kafa yau, ku auna ta da ranar da ku ne za ku nemi wurin magana.

 In akwai mai tambaya ko mai ja da abin da na faɗa, fili nasa ne. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.