Jirgin Yaƙi Victory: Yadda Aka Sassaƙa Shi da Abin da Ya Haifar



Jirgin da zan yi magana a kansa Ingilishi suna kiransa Victory, watau Nasara. Ɗaliban Hausa za su lura cewa karin sauti da tsawon wasali ne kaɗai suka raba sunan da na masu jirgin.

An aza harsashinsa ran 23 ga Yuli, 1759, a masassaƙar jiragen sarki da ke Chatham, bisa tsarin Sir Thomas Slade. Ya ci itatuwa wajen 6,000, galibinsu oak, wanda a wajen tauri sai dai mu kwatanta shi da ƙirya. Da aka haɗa gangar jikinsa, sai aka bar shi shekaru kamar uku ba a ci gaba ba, domin yaƙi da Faransa ya lafa. Wannan jinkiri kuwa alheri ya zama, don itacen ya bushe sarai. Ran da za a tura shi ruwa, 7 ga Mayu, 1765, aka tarar ƙofar mashigin ta yi masa kaɗan. Tilas masassaƙa suka ɗauki gizago suka rage katakon ƙofar kafin ya wuce. A 1780 aka lulluɓe cikinsa da fallayen jan ƙarfe 3,923 saboda tsutsar teku, wadda ke yi wa jirgi abin da gara ke yi wa azara.

Ran 21 ga Oktoba, 1805, yana ɗauke da igwa 104 da mutum fiye da 800, ya jagoranci rundunar Ingila a Trafalgar, aka karya ta Faransa da Sifen. A cikinsa aka harbe Nelson, a cikinsa ya cika.

To, ina ruwanmu? Ku tuna, shekara guda da 'yan watanni ke nan bayan Tabkin Kwatto. Mutanen Shehu suna fama da Gobir, ba su san an yi ba, alhali kuwa ranar ce teku ta koma hannun Ingila. Da wannan ƙarfi ta sa jiragenta tsaron gaɓar Afirka ta Yamma daga 1808 don hana fataucin bayi, da shi kuma ta yi wa Ikko ruwan igwa a 1851. A ganina, wanda bai fahimci wannan ba zai sha wuyar fahimtar 1903.

Tun 1922 jirgin yana girke a busasshen mashigi a Portsmouth. An sha gyara shi, har itacen asali kaɗan ne ya saura a jikinsa.