Mata Cikin Sujada: Roma, Urushalima da Filibi

Karatu: Ayyukan Manzanni 16:11-40

Idan akwai Littafi Mai Tsarki a kusa, a buɗe Ayyukan Manzanni sura 16, a riƙe wurin, za mu iso can. Tambayarmu ta yau ita ce: a zamanin dā, wace irin mace ce aka yarda ta yi hidima cikin sujada? Za mu leƙa birane uku domin mu sami amsa.

Bari mu fara da Roma. A tsakiyar birnin akwai haikalin wata allahiya mai suna Besta, inda wuta take ci dare da rana. Romawa sun gaskata cewa idan wutar nan ta mutu, masifa za ta auko wa birnin. 'Yan mata shida ne ke lura da ita. Ana zaɓen yarinya tun tana tsakanin shekara 6 da 10, a raba ta da gidan ubanta, ta yi hidima shekara 30 ba aure. Ana girmama su ƙwarai. Suna mallakar dukiyar kansu, suna da wurin zama na musamman a filin wasa. Amma wadda aka kama ta karya alkawarin budurcinta, da ranta ake binne ta. A ƙasar Helenawa kuma, a Delfi, mace ce take zama cikin haikalin Afollo tana ba da amsa ga sarakuna da shugabannin yaƙi.

To, kun gani, masu bautar gumaka ba su hana mata hidima ba. Sai dai babban matsayi na 'yan kaɗan ne, waɗanda aka keɓe, yawancinsu 'ya'yan manyan gida. Akwai daraja a ciki, akwai kuma tsoro.

Sai mu zo Urushalima. Bisa ga Shari'ar Musa, aikin firist na 'ya'yan Haruna maza ne kaɗai. A haikalin da Yesu ya shiga, akwai filin da ake kira Filin Mata. Daga nan maza suna hawa matakala 15 su ƙara gaba, mata kuwa iyakarsu ke nan. Su ma mazan suna da tasu iyaka, gama Wuri Mafi Tsarki babban firist ne kaɗai yake shiga, sau ɗaya a shekara.

Duk da haka Allah bai yi shiru ga mata ba. Ku duba 2 Sarakuna sura 22. Wajen shekara ta 622 kafin haihuwar Almasihu, aka tsinci littafin Shari'a cikin haikali. Da aka karanta wa Sarki Yosiya, ya yage tufafinsa, ya aiki babban firist Hilkiya da manyan fadawansa su nemi nufin Ubangiji. Wurin wa suka je? Wurin annabiya Hulda, matar Shallum mai lura da tufafi. Babban firist ya tsaya yana sauraron matar aure, ita kuwa ta faɗi maganar Allah ba ragi. Kafin Hulda akwai Debora wadda ta yi wa Isra'ila shari'a. Bayanta akwai Hannatu, tsohuwar gwauruwa da ta yi godiya ga Allah sa'ad da aka kawo jariri Yesu haikali.

Yanzu mu koma wurin da kuka riƙe. Manzo Bulus ya isa Filibi, birnin Romawa a ƙasar Makidoniya. Ran Asabar ya fita bayan gari zuwa bakin kogi, ya iske mata sun taru don addu'a. A cikinsu akwai Lidiya, 'yar kasuwa daga Tayatira mai sayar da tufafin shunayya masu tsada. Ubangiji ya buɗe zuciyarta, aka yi mata baftisma tare da mutanen gidanta. A birnin nan kuma akwai wata baiwa mai ruhun duba. Kalmar da Luka ya yi amfani da ita a Helenanci tana da alaƙa da haikalin Delfi ɗin nan da muka ambata. Iyayengijinta suna cin riba da ita, ko sunanta ba a rubuta ba. Bulus ya fitar da ruhun cikin sunan Yesu, abin da ya kai shi kurkuku ke nan, shi da Sila. Da aka sake su, ina suka nufa? Aya 40 ta ce gidan Lidiya, inda suka sadu da 'yan'uwa.

A nan bambancin yake. Ba a zaɓi Lidiya tana yarinya ba, ba a raba ta da gidanta ko sana'arta ba. Gidan nata ne ya zama wurin taron masu bi. Sa'ad da Yesu ya mutu, labulen haikali ya tsage, hanya ta buɗu ga namiji da mace. Masu bi na fari sun yi wajen shekara 200 suna taruwa a gidaje. A Romawa sura 16 Bulus ya yabi Fibi, ma'aikaciyar ikilisiyar Kankiriya, ya kuma gai da Bilkisu da mijinta Akila, waɗanda suka ƙara fahimtar da Afolos hanyar Allah. Wajen shekara ta 112, Filini, gwamnan Bitiniya, ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa ya azabtar da bayi mata biyu da Kirista suke kira masu hidima. Bayi ne a idon gwamna, ma'aikata ne a cikin ikilisiya.

Wani zai ce, ai Bulus ya ce mata su yi shiru, a 1 Korantiyawa 14 da 1 Timoti 2. Gaskiya ne, ayoyin suna nan, ikilisiyoyinmu ma ba su zama ɗaya ba wajen fassara su game da naɗa mace fasto. Amma Bulus ɗin nan, a 1 Korantiyawa 11, ya yi maganar mata masu addu'a da annabci. Kada mu ɗauki aya ɗaya mu mai da ita sanda, mu manta da sauran.

Maigida, idan matarka ta tashi zuwa zumuntar mata ko gai da marar lafiya, kada ka ce yawo ne. Uwargida, kada ki ce ba ki yi makaranta ba, ko ba ki iya Hausa sosai ba. Addu'ar da kike koya wa 'ya'yanki da harshenku, hidima ce. Bangaskiyar Timoti daga kakarsa da mahaifiyarsa ta fara.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode domin ka buɗe mana hanya ta wurin Ɗanka. Ka ƙarfafa iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata cikin aikinka, ka koya wa maza su girmama su. Cikin sunan Yesu, amin.

Sai mako mai zuwa, idan Ubangiji ya kai mu.