Motar Sana'a da Haraji: Abin da Aka Rubuta Shi Ake Cirewa

Maganar yau ta shafi duk mai abin hawa da yake neman abinci da shi, ko a-kori-kura ce mai ɗauko citta daga Kwoi da Kachia zuwa Kafanchan, ko Keke Napep mai kai burodi Kagoro, ko babur ɗin da mai shago yake sarin kaya da shi. Haraji a kan riba ake biyan sa, kuma riba ita ce abin da ya rage bayan an cire abin da sana'a ta ci. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, har lita ta haura naira 1,000 a 2024, babu abin da yake cin kuɗin ɗan kasuwar Kudancin Kaduna kamar mota. Amma yawancinmu ba ma rubuta ko kwabo daga ciki.

Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta bar tsohuwar ƙa'ida yadda take: abin da aka kashe kacokan domin neman kuɗin sana'a ana cire shi kafin a yanka haraji. Man fetur, baƙin mai, taya, kuɗin bakanike da mai faci, inshora, sabunta takardun mota, albashin direba da yaron mota, duk sun shiga. Kuɗin sayen motar kuwa ba a cire shi gaba ɗaya, ana rarraba shi ne kashi 25 cikin ɗari a kowace shekara. Mu ɗauki misali. Ɗan kasuwar citta ya fitar da uwar kuɗinsa, naira miliyan 3 ta rage masa a shekara. Doka ta yafe naira 800,000 na farko, sannan ta ɗauki kashi 15 cikin ɗari na miliyan 2.2 da ke biye, wato zai biya naira 330,000. To, a ce ya rubuta cewa mai da gyara sun ci 900,000, motar kuma miliyan 4 ya saye ta, sai a cire masa miliyan 1 na bana. Saura miliyan 1.1 ke nan, harajinsa ya koma naira 45,000. Tsakanin lissafin biyu akwai naira 285,000, kuma mutum ɗaya ne, mota ɗaya ce, littafi kawai ya raba su.

Na san abin da wasu ke rayawa a zuci: idan na rubuta, ai na nuna wa gwamnati aljihuna. Wannan tsoro yana da dalili, domin jama'a sun daɗe suna biya ba tare da ganin aiki a ƙasa ba. Sai dai rashin rubutu bai ɓoye kowa ba. Mai sana'ar kansa wanda bai kafa kamfani ba, hukumar tara haraji ta Jihar Kaduna, KADIRS, yake biya wa, kuma idan ba shi da lissafi doka ta ba jami'i damar yi masa ƙiyasi. Jami'in zai ga shago cike da buhuna da mota a ƙofa. Ba zai ga ranar da giyar mota ta lalace a hanyar Jos ba, balle shekarar 2023 da cuta ta cinye citta a gona mota tana ta zirga-zirga rabin lodi. Wanda ba shi da takarda da me zai yi musu?

Wani zai ce bakanikensa ba ya ba da rasit. Gaskiya ne, amma littafin rasit ba shi da tsada, ka saya ka riƙe a mota, ya rubuta kwanan wata da aikin da ya yi, ya sa hannu. In ka tura masa kuɗin ta banki ko ta POS, shaidar ta ƙara ƙarfi. Wanda bai iya rubutu ba, akwai ɗan makaranta a gidansa.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne motar da take aiki biyu. Wadda ta yi sari ranar kasuwa ita ce take kai iyali coci ko masallaci, ita ce ta biki da ta'aziyya. Man wannan tafiya ba na sana'a ba ne, doka ba ta cire shi. Idan kwana biyar a mako na kasuwa ne, biyu na gida, to a raba kuɗin haka da gaskiya, domin jami'in da ya kama ƙari a layi ɗaya zai yi shakkar littafin duka. Tarar da aka ci mutum saboda karya dokar hanya ma ba ta shiga, haka ɗan abin da ake miƙawa a shinge, wanda dama ba shi da rasit.

Ranar 31 ga Maris ita ce iyakar miƙa bayanin kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Don haka jama'a, kowa ya sayi littafi mai layi ya ajiye a aljihun mota, ya haɗa da leda guda ta rasit. Duk shan mai a rubuta kwanan wata, inda aka dosa, da nawa aka biya. A fara da man gobe da safe.