Koren Kaki da Kafson Kemis



Jama'ar Bwari, tun da na zauna nake jin tari yana tashi daga kowace kusurwa ta zauren nan, ban kuwa yi mamaki ba. Hunturu ya kawo kai, hazo ya fara rufe duwatsun Ushafa, mura tana bin gida gida. Kun san yadda take yi: kwana uku ko huɗu zazzaɓi ya sauka, tari ya gangaro ƙirji, kakin da yake fari ya koma rawaya, wata safiya ya fito kore kamar miyar kuka. Daga nan sai kemis. "Malam, murar nan ta nuna, a haɗa min." A ƙirga kafson Ampiclox shida a ƙulla a leda, a sha huɗu, a ajiye biyu don gaba.

To, me ya rina kakin? Jikinka ne. Idan cuta ta shiga hanyoyin numfashi, fararen ƙwayoyin jini kan yi dafifi a wurin. Suna ɗauke da wani sinadari mai ƙarfe a cikinsa, wanda launinsa kore ne. In sun yi yawa, suka mutu cikin kaki, sai ya rine, kuma wanda ya kwana a ƙirji ya fi kauri da duhu, shi ya sa na asuba ke tsorata mutane. Haka suke yi ko bairos ne ya shigo ko bakteriya. Galibin tarin bayan mura aikin bairos ne, shi kuwa kafso bakteriya yake kashewa, ba ruwansa da bairos.

Abin da ke ruɗa mu shi ne kwanaki. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2013 ya nuna irin wannan tari kan kai kimanin kwana 18, mu kuwa mako guda muke ba shi. Sai a sha kafso a kwana na goma, tarin ya tafi a lokacin da dama zai tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da asarar naira ce kawai, da ban tara ku ba. Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗin cewa shan maganin da bai kai ƙa'ida ba yana koya wa ƙwayar cuta taurin kai. Ƙididdigar da mujallar The Lancet ta fitar a 2022 ta ce a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ya fi ko'ina shan kashi.

Wani zai ce, likita, ka ce kwana 18, ga shi ana shela cewa tarin mako biyu a je asibiti. Duka gaskiya ne. A ƙasar da tarin fuka ya yi katutu kamar tamu, mako biyu na nufin a kai kaki gwaji, kuma gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Kada ma a jira mako biyu idan akwai jini a kaki, ko ya yi kalar tsatsa, ko zazzaɓi ya tafi ya dawo, ko numfashi na sarƙewa, ko haƙarƙari na suka, ko ana rama da gumin dare. Tsoho, mai asma da mai ciwon suga su riga kowa zuwa.

Sauran mu, ruwa mai ɗumi, hutu, nesa da hayaƙin itace, da cokalin zuma, ban da jaririn da bai shekara ba.

Iyaye mata, yaro ƙarami haɗiye kakinsa yake yi, ba za ku ga launi ba. Ku ɗaga rigarsa yana kwance shiru, ku ƙirga numfashinsa minti guda da agogon waya. Daga wata biyu zuwa shekara, numfashin ya yi sauri in ya kai 50. Daga shekara zuwa biyar, in ya kai 40. In ya kai haka, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya ja iska, a nemi abin hawa zuwa Babban Asibitin Bwari a daren, kada a bari sai gari ya waye.